Kawuna ya ce in riƙe masa gonar riɗi hekta 120: in karɓa ko in zame?

Auwal Gwammaja: Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Shawara na zo nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya, kada a ji kunyata. Ƙanin mahaifiyata ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya karɓi fili hekta 120 a Jigawa, can tsakanin Gumel da Maigatari, riɗi da zoɓo yake son nomawa. Wai ya gaji da ganin mutanen kasuwar hatsi ta Dawanau suna loda tirela shi yana zaune kan atamfa. Jiya bayan sallar isha ya kira ni ya ce ni zan riƙe gonar, tunda ni na karanta aikin gona a Dambatta. Ni kuwa gonar da na taɓa riƙewa da hannuna ba ta wuce eka 3 ba, ita ma masara ce da wake. Da na ɗan taɓo maganar albashi sai ya yi dariya ya ce "ai naka ne". In karɓa?

Sadiƙu: Wa'alaikumus salam. Ni wannan "ai naka ne" ɗin ce ta tsaya min a rai. Ranar da kuɗin riɗi suka shigo za ka san na waye.

Nura Mai Tarakta: Karɓi mana, malam! Mutane na yawo da takardu suna neman aiki, kai an kira ka har gida. In za a yi haro, wato kaftun ƙasa da tarakta, ka tuna da ni kawai.

Sadiƙu: Nura kai ko gonar dutse ce cewa za ka yi a karɓa, muddin za a kira taraktarka.

Baba Iro Kura: Auwal ɗana, bari in ja ka da nisa kaɗan, ka yi haƙuri da surutun tsoho. Na fi shekara 20 ina riƙon gonakin mutane, yawanci shinkafa da tumatir a nan wajenmu, amma na yi damina 6 a gonar riɗi a ƙasar Gumel ɗin da kake faɗa.

Abu na farko, gonar eka 3 da gonar hekta 120 suna ne kawai ya haɗa su. A ƙaramar kai ne manomi. A babbar za ka iya gama damina ba ka duƙa da fartanya ba, aikinka mutane ne da kwanaki da kuɗi. Hekta 120 kusan eka 300 ke nan. Zauna ka yi wannan lissafin tun yanzu: in ruwan shuka ya sauka yau da dare, mutum nawa kake da su gobe da asuba, kuma kwana nawa za su yi kafin su shuke ta? Daminar can gajera ce, ba irin ta Doguwa ko Tudun Wada ba.

Shi riɗi a ido kamar ba shi da wahala, ba ya cin taki kamar masara, yana jure ƙarancin ruwa. Amma ƙwayarsa ƙanana ce, irin da bai wuce kilo 4 ko 5 ba ya ishi hekta guda, shi ya sa ake cuɗa shi da rairayi kafin a shuka. Ka bar wa yaran da ba su saba ba, wani wuri su tula shi, wani wuri su binne shi da zurfi ya kasa fitowa. In ya fito kuma tasowarsa a hankali take, makonnin farko ciyawa ta fi shi sauri. Noman farko ya makara maka da kwana 10, ka riga ka raba amfanin da ciyawa. Sannan ba ya shiri da kwanciyar ruwa ko kaɗan, duk inda ruwa ya kwana biyu a gindinsa ka cire wurin daga lissafi.

Amma duk ba a nan gizo ke saƙar ba, a yanka ne. Wata 3 da 'yan kwanaki ya isa. Da ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, kwanson ƙasa ya sauya launi, yanka ake yi, a ɗaure dami-dami, a tsayar da su kai sama su bushe, sannan a kaɗe a kan tamfol. Ka ƙara mako guda a tsaye, kwanson ya tsage da kansa, arzikin kawunka ya zube ƙasa, tururuwa da kurciya su yi biki. Kuma daidai lokacin ne kowa a ƙauyen yake kan geronsa da gyaɗarsa da nasa riɗin. Wa zai bar nasa ya zo naka? Na taɓa tsayawa a tsakiyar gona ina jin kwanso yana fashewa, tas, tas, ga kuɗin ƙwadago a aljihuna, babu mutum ko ɗaya. Ranar na yi hawaye, ban ɓoye ba.

Auwal Gwammaja: Ikon Allah. To Baba, ya ake kauce wa wannan?

Baba Iro Kura: A yanka gonar kashi-kashi, kowane kashi da shugabansa da ranar shukarsa, a bar 'yan kwanaki tsakani don kada su nuna rana ɗaya. Kuma 'yan yanka tun watan shuka ake kama su, a san ƙauyen da za su fito, a san inda za su kwana da wanda zai dafa musu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji Kabiru Sabon Gari: Baba Iro ya yi maganar riɗi, ni bari in yi maganar manajoji, tunda ni an taɓa gasa min aya a hannu. Shekara 3 da suka wuce na zuba kuɗi a gonar waken suya da masara, na ɗauki wani yaro mai takardar digiri, na saya masa babur, na gina masa ɗaki. Taki buhu-buhu na aika, ashe rabi a kasuwar ƙauyen yake ƙarewa. Sunayen leburori 40 a takarda, in ka je ka ƙirga 25. Man dizal kuwa kamar taraktar tana sha da dare. Hoton gona da yake turo min a WhatsApp ashe gefe ɗaya ne mai kyau yake ɗauka kullum. Sai da kaka ta yi na ga abin da na gani. Saboda haka ni na fahimci kawun Auwal, gara ɗan'uwanka. Matsalar wannan sana'ar rashin amana ce, ba wani abu ba.

Baba Iro Kura: Ranka ya daɗe, Allah ya mayar da alheri. Amma in tambaye ka, a daminar nan sau nawa ka taka gonar?

Alhaji Kabiru Sabon Gari: Sau biyu. Ina da shago, Baba. Ai don kada in riƙa zuwa na ɗauki manaja.

Baba Iro Kura: To ka ga ni. Ban wanke yaron ba, ɓarawo ɓarawo ne. Amma mu ma masu riƙon gona muna da namu kukan a kan masu gona, kuma ba a cika jin sa ba don mu ba mu da baki a gari. Noman waya shi ne ya kashe manyan gonaki da yawa. Ka kira Alhaji ranar Litinin ka ce ciyawa ta taso, a turo kuɗin noma. Ya ce yana Legas kaya sun iso. Laraba wayarsa a kashe. Juma'a ya ce bari a sauko daga masallaci. Kuɗin su zo bayan kwana 12, rabin abin da ka nema, sannan da kaka ya ce kai ka kashe masa gona. Atamfa in ba a sayar yau ba tana nan gobe. Gona ba ta san haka ba.

Alhaji Kabiru Sabon Gari: Wato in damƙa wa mutum miliyoyi tun farkon damina in koma in naɗe hannu? Haba Baba.

Maman Ilham: Ku gafarce ni in shiga tsakanin manya. Alhaji, ba a ce ka damƙa ba, ba a kuma ce ka riƙe ba. Ni ina harkar gyaran riɗi da zoɓo a Dawanau, kuma ni nake riƙe wa maigidana lissafin gonarsa. Abin da muka koma yi bayan mun sha wuya: tun kafin ruwa a rubuta aikin damina gaba ɗaya, mako-mako, da kuɗin kowane aiki. A ware kuɗin a asusu na daban wanda ba a taɓa shi don harkar shago. Kuɗin aikin mako mai zuwa su isa hannun manaja tun wannan makon. Mai riƙe makullin sito daban, manaja daban, kuma ba manaja ne zai kawo shi ba. Buhun taki ba ya fita sai an rubuta kashin da za a zuba shi, a dawo da buhun da babu komai a ƙirga. 'Yan ƙwadago kuma a daina biyan su da yini, a auna musu fili, wanda ya gama a duba a biya. Sunan bogi ba ya noma eka. Tunda muka fara haka rigima ta ragu, shi ma manajan ya samu kwanciyar hankali, don yanzu ba mai zarginsa da baki kawai.

Sadiƙu: Hajiya ta gama magana. A rufe zaure.

Maman Ilham: Ban gama ba, Sadiƙu. Auwal, zoɓon nan da kawunka yake ambata kamar abin wasa, ka tambaye shi wa zai ɓare masa. Ba a yanke shi a kai inji, hannu ne yake raba jan da ƙwallon, ɗaya bayan ɗaya, kuma mata da yara ne suke yi a gidaje. Shi ya sa za ka ga yawancin zoɓon da ke shigowa Dawanau daga ƙananan manoma ake tara shi, wani ma a gefen gonar gero ya shuka. Hekta 40 ta zoɓo a hannun mutum ɗaya, sai ka tara matan ƙauye nawa? In an shanya shi a ƙasa kuma ya kwashi rairayi, ko aka ɗura shi a buhu da sauran danshi ya yi baƙi, ya tashi daga kayan waje ya koma na 'yan ƙulli.

Sai maganar feshi, wadda ita ce ta fi ci min rai. Mai saye daga Japan ko Turkiyya ba kyan ido kawai yake dubawa ba, ɗakin gwaji yake kai riɗin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa fiye da ƙima, irin wanda mutane ke zazzaga wa hatsi a sito. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ita ma ta taɓa rufe ƙofa saboda ƙwaron sito da aka gani a kaya. Manajan babbar gona dole ya san me aka fesa, yaushe, nawa, ya rubuta. Wanda ba ya son biro da littafi ya nemi wata sana'ar.

Ɗanjuma Dillali: Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da nawa na bakin kasuwa. Auwal, kafin ka shuka ka zo ka ga abin da ake saye. Farin riɗi mai launi ɗaya shi ake rububi, wanda aka gauraya fari da ja da ƙasa-ƙasa sai an rage masa kuɗi. Kada kawunka ya aiko yaro ya auno iri a kasuwar ƙauye don araha, hekta 120 ta gaurayen iri asara ce babba. Cibiyar bincike ta Badeggi ce take fitar da irin riɗi, a nemi mai sayar da iri na ƙwarai. Kuma ku sani da kaka kowa yake kawowa, farashi ya kwanta. Mai sito mai kyau da haƙuri shi yake cin riba. Amma shi ma ba kullum ba, akwai shekarar da masu ajiya suka yi kuka, don farashin yana bin dala da kasuwar waje, ba ya bin son ranmu.

Injiniya Bashir: Ni tambayata, me ya kai ku Jigawa noman damina alhali ga ruwa a gida? Tun zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, ga magudanan ruwa sun ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure. Ya kama hekta 20 a Kadawa ya yi alkama da rani, shinkafa da damina, ya fi masa wannan dogon zangon. Alkama kullum ana nemanta, yawancin wadda kamfanonin fulawa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita.

Baba Iro Kura: Injiniya, a gidana kake magana fa. Hekta 20 a haɗe a Kadawa, wa zai ba ka? Filin nan gutsi-gutsi yake a hannun magada, haya kuma ta yi tsada. Alkama kuwa sanyi take so. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake so ta shiga ƙasa, in shinkafarka ta makara ba ka kwashe ba, ka shuka a Janairu, zafin Maris ya riske ta tana ɗaukar ido, sai ka girbe ƙaiƙayi. Wanda ke nesa da magudana kuma inji zai tayar, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ga tsuntsayen jan baki a shinkafa. Tumatir kuwa kada ma a tayar min da 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki muna kallo. Kowane amfani da inda yake kama mai shi.

Injiniya Bashir: Yanzu ai ana komawa injin hasken rana.

Baba Iro Kura: Ana komawa, kuma yana taimako. Sai dai ka ƙara mai gadi a lissafi.

Kwamared Sani: Kowa yana maganar riba, ba wanda ya tambayi filin nan na waye kafin Alhaji ya "karɓa". Hekta 120 ba ta faɗowa daga sama a ƙasar da kowane gida ke noma. Ko dai gonakin talakawa ne aka saye da araha lokacin yunwa, ko makiyaya ce, ko burtali ya bi ta ciki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma damar ba da filin noma har hekta 500, to da wannan ƙofar ake shiga a yi wa mutanen ƙauye ƙwace da takarda. Gobe a mayar da mai gona lebura a gonar ubansa, a ce an kawo ci gaba.

Alhaji Kabiru Sabon Gari: Kwamared, ba kowane mai kuɗi ne azzalumi ba. Wasu da kansu suke kawo gonar su ce a saya.

Kwamared Sani: Na yarda, Alhaji. Amma Auwal ne zai kwana a can, ba kawunsa ba. In akwai mai jin haushi, shi zai fara gani.

Baba Iro Kura: A nan kam ina bayan Kwamared, ko da ba don siyasarsa ba. Auwal, kafin ka ce e, je ka gaida dagaci da mai unguwa, ka zauna da tsofaffin wurin, ka nemi arɗon Fulanin da ke kusa. Tambaye su ina shanu suke bi zuwa ruwa. In burtali ya ratsa filin, bar shi a buɗe, kada ka yarda a ce a shuke. Kuma ka ga tunanin da zan ba kawunka da zai ji: bana ya noma hekta 30 da kansa, sauran ya bar wa mutanen garin su noma, ya ba su iri mai kyau, da kaka ya saya a farashin kasuwa. Ya samu kaya, ya samu masu yi masa gadi ba da albashi ba, kai kuma ka koyi aikin a kan abin da ba zai karya ku ba.

Ɗanjuma Dillali: Baba, wannan tsarin yana da nasa ciwon. Ka ba mutum iri da taki, ranar kasuwar Maigatari ya ɗora buhun a amalanke ya sayar wa wani don an ƙara masa ɗan abu. Ba mu ga yadda bashin noman shinkafa na Babban Banki ya kaya ba, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015? Da yawa sun ɗauka rabonsu ne gwamnati ta ba su.

Baba Iro Kura: Shi ya sa na ce iri, ban ce kuɗi ba, na kuma ce farashin kasuwa. Wanda ya zo da sikeli ƙofar gida ya biya nan take, ba a tsallake shi a tafi kasuwa. Masu son su saya ƙasa da kasuwa su ne ake gudu.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Auwal, maganar Sadiƙu ta farko kada ka ɗauke ta wasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka neman a rubuta ba rashin kunya ba ne ga kawu. Ko dai kai ma'aikaci ne mai lada sananne, ko abokin tarayya mai kaso sananne daga abin da aka samu, kamar ɗaya cikin goma. Abin da malamai suka hana shi ne a bar ladan a duhu, ko a ce amfanin wancan gefen naka na wannan gefen nawa. Ku sa shaidu biyu, zai fi kyau a ce mahaifiyarka ta sani. Sannan ku tuna riɗi yana cikin abin da ake fitar wa zakka a mazhabarmu ta Malikiyya idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma tunda ruwan sama ne ya shayar da shi.

Nura Mai Tarakta: Malam, ni ma a rubuta cewa ni zan yi haro.

Sadiƙu: A rubuta kuma cewa ranar da ka yi alkawari ranar za ka zo, ba bayan sati biyu ba da labarin taya ta fashe.

Auwal Gwammaja: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je wurin kawu yau da yamma, na tafi da yayan mahaifiyata don ni kaɗai ba zan iya buɗe baki ba. Ya yarda da albashi duk wata da kuma kaso in an sayar, za a rubuta. Ya yarda a ajiye zoɓo bana, sai dai a zagaye iyakar gonar da shi. Asusu na daban ma ya ce ba matsala. Inda muka samu saɓani shi ne maganar hekta 30. Ya ce shi bai karɓi fili don ya yi noman tsakar gida ba, abokansa na kasuwa duk sun san 120 ya ce. Da ƙyar yayansa ya sauko da shi 60. Mai riƙe sito kuma ya ce ɗansa zai turo, wanda ko kunyar gero bai taɓa gani ba.

Maman Ilham: Bar shi ya turo ɗan. In ya iya ƙirga buhu ya rubuta ya wadatar, kuma duk abin da ya gani da idonsa uban zai fi yarda da shi a kan naka bakin.

Alhaji Kabiru Sabon Gari: Yaron zai yi sati biyu a can kuwa? Ba wuta, ba intanet sosai.

Baba Iro Kura: 60 ta yi yawa amma za ta riƙu in an samu mutane. Auwal, yaushe za ka je ganin filin?

Auwal Gwammaja: Asabar in sha Allahu, Baba.

Baba Iro Kura: To kada ka je da motar kawunka, hau ta haya ka sauka kamar kowa. Tafi da fartanya ka tona wuri biyar ko shida ka ga inda jigawa take da inda laka take. Ka nemi wanda ya noma wurin bara ya nuna maka inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ka kafa turaku. Ka tambayi rijiyar da 'yan aiki za su sha. In ka dawo biyo ta Kura, ina gida ranar Lahadi bayan la'asar, akwai tsohon littafina na gonar Gumel, zan nuna maka yadda nake raba kashi.

Ɗanjuma Dillali: In ka fito daga wurin Baba ka leƙo Dawanau ranar Litinin da safe, kafin rana ta yi. Ka zo da 'yar leda, zan ɗebar maka samfurin wanda ake so da wanda ake mayarwa.